Ƙungiyoyi sun cika gari, me ya hana talauci tafiya?

Wani ƙanenmu daga Kuseri ta arewacin Kamaru, sakataren wata ƙungiyar matasa, ya aiko da tambaya kamar haka: "Yaya, a garinmu ba abin da ya kai allunan ƙungiyoyi da fararen motoci yawa. Wannan ta ruwa, waccan ta lafiya, waccan ta noma. Duk taron da aka kira mu sai a ce maganin talauci shi ne ɓangarori su haɗa kai. Don Allah akwai inda aka taɓa haɗa kan aka ga amfani, ko dai magana ce ta cin kuɗin zama?"

Ƙanena, akwai. Misalan ma ba su yi maka nisa ba: ɗaya yana hayin kogi, ɗaya yana kudu da garinku a fadamar Logon. Amma zarginka bai faɗi ƙasa ba. Yawancin abin da ake kira haɗin gwiwa a wajenmu taro ne: a yi jawabi, a ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a sa hannu a takardar kuɗin zama, kowa ya koma ofis da hannunsa. A aikin raya karkara da na yi tsakanin Marwa da Yagwa, tambaya guda nake auna kowane haɗin gwiwa da ita: me aka haɗa? Mota ce, ko ranar fita, ko jerin sunayen gidaje, ko asusu? In babu ko ɗaya daga cikinsu, baki kawai aka haɗa.

Binciken gidaje da hukumar ƙididdiga ta Kamaru ta yi a 2014 ya nuna kashi 37.5 cikin 100 na mutanen ƙasar suna cikin talauci. A Arewa Mai Nisa kuwa kashi 74.3 ne, a jihar Arewa 67.9, alhali Duwala da Yaunde ko kashi 6 ba su kai ba. Ka lura da shekarar. A lokacin ne rikicin Boko Haram ya fara tsananta a ɓangarenmu, ke nan talaucin ya riga rikicin zuwa, rikicin ya tarar da shi ne ya ƙara masa nauyi.

Alƙaluma ba sa nuna yadda abin yake ɗaure, sai ka leƙa gida guda a watan Agusta. Hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba. A daidai lokacin sauro ya fi yawa, yaro ya kwanta da zazzaɓi. Maigida ya je wajen ɗan kasuwa ya ci bashin buhun dawa, da sharaɗin in kaka ta yi zai biya fiye da abin da ya karɓa. Kuɗin magani kuma sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani, a makon da tasa take jiran maimai. Satumba na kamawa a buɗe makaranta, ga littattafai, ga kuɗin ƙungiyar iyaye wanda da shi ake biyan malaman da gwamnati ba ta ɗauka ba. Akuyar uwargida ta tafi kasuwa. Da kaka amfanin ya zo kaɗan domin ciyawa ta riga ta ci rabonta, kuma dole ya sayar a lokacin da kowa yake sayarwa, farashi a ƙasa, ya biya bashi. Dawar da ya sayar da araha a Nuwamba ita zai saya da tsada a Yuli.

To gaya mini, wannan matsala ta wace ma'aikata ce? Malamin gona zai ce iri ne mara kyau, ya kawo sabon iri. Ma'aikacin lafiya zai ce zazzaɓi ne, ya kawo gidan sauro. Mai ba da rance zai ce rashin jari ne. Kowannensu ya faɗi gaskiya, kuma kowanne in ya zo shi kaɗai, abin da ya kawo zai zurare ta ɓarakar da ɗan'uwansa bai toshe ba. Rancen da aka bayar don sana'a a Agusta, asibiti yake ƙarewa. Shi ya sa nake cewa maganin rigakafin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata da damina, wanda aka fara a Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016, tallafin noma ne babba, ko da yake ba za ka taɓa ganinsa a rahoton ma'aikatar gona ba.

Yanzu haye gadar Ngeli ka shiga Chadi. Wajen shekarar 2000, masu bincike daga cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Suwizalan, tare da ɗakin binciken dabbobi na Farsha da ke Njamena da ma'aikatan lafiya na ƙasar, sun bi rugagen makiyaya a Shari-Bagirmi da Kanem. Abin da suka tarar abin kunya ne: shanu suna samun allurarsu, amma a cikin yaran da suka duba babu ko guda da ya kammala rigakafinsa. Ba don makiyayi ya fi son saniya a kan ɗansa ba. Likitocin dabbobi sun daɗe suna bin garke, tun yaƙin da aka fara yi da cutar bushiya ta shanu a yankin Tafkin Chadi a 1962. Sun san burtali, sun san rijiyoyi, sun san arɗo, sun san watan da shanu ke taruwa a bakin ruwa. Shi kuwa ma'aikacin lafiya yana zaune a asibitin gari yana jiran a kawo masa yaro. Uwar da ta samu ta kai ɗanta sau ɗaya, kafin lokacin allura ta biyu ruga ta tashi, tana can wata duniyar.

Sai aka ce to a fita tare. Mota ɗaya, akwatin sanyi ɗaya, rana ɗaya. A wannan gefe ana yi wa shanu allurar ciwon huhu da ta saifa, a ƙarƙashin bishiya can gefe ana yi wa yara ta ƙyanda da shan inna, mata kuma ta sarƙe-haƙora. Masu nazarin zamantakewa su suka riƙa zama da mutanen tukuna don a san wa ake fara yi wa magana a ruga, da wane harshe, kuma wane lokaci ne mata ke da sarari. Da aka yi lissafi, raba kuɗin mota da mai da sanyaya magani ya rage wa ɓangaren lafiya kusan kashi 15 cikin 100 na abin da zai kashe in shi kaɗai ya fita. Aikin bai warware komai ba, domin samun yaro ɗaya har sau uku a ruga mai tashi ya ci gaba da wahala, kuma da kuɗin waje ya ja baya fitar ta riƙa yankewa. Amma ka duba dalilin da ya sa ya yiwu. Likitan dabbobi ya samu mai raba masa kuɗin mai. Ma'aikacin lafiya ya samu mai kai shi inda bai san hanya ba. Makiyayi ya ɓata yini ɗaya maimakon biyu. Babu wanda aka roƙa ya yi sadaka da lokacinsa.

Misali na biyu ya fi zafi, kuma naku ne. A 1979 aka gina madatsar Maga, aka yi jinga a gefen kogin Logon, domin kamfanin SEMRY na Yagwa ya faɗaɗa noman shinkafa. Niyyar ba ta da aibi. Ƙasa ta fito daga farin shekarun 1970, ana neman abinci. Injiniyoyi kuma sun yi aikin da aka sa su: tafki ya taru, an yanka filaye, shinkafa ta fito. Abin da ba a tambaya ba shi ne, wannan ruwan da aka tare, da can ina yake zuwa, wa yake ci da shi?

Ruwan da can yakan malala kowace shekara ya rufe fadamar da Fulani ke kira yayre, har ya kai gandun dajin Waza. A cikinsa kifi ke hayayyafa. In ya janye sai ya bar ciyawar da shanu ke ci duk rani, ba na Kamaru kaɗai ba, har da waɗanda ke gangarowa daga maƙwabta. Da shi ƙauyuka ke noman shinkafar gargajiya, da shi rijiyoyi ke cika. Da aka tare shi, ga kuma farin shekarun 1980 ya biyo baya, sai wani babban yanki na fadamar ya bushe. Ciyawa mai ɗorewa ta mutu, marar amfani ta maye gurbinta. Masunta suka watse, makiyaya suka matsu a ɗan abin da ya rage, namun dajin Waza suka ragu. Da masana tattalin arziki suka zo daga baya suka ƙiyasta abin da aka rasa na kifi da kiwo da noma da sauransu, sai da ya haura dala miliyan 2 a shekara. Wannan asarar ba ta cikin littafin kowa, domin littafin SEMRY buhunan shinkafa yake ƙirgawa.

Gyaran ya zo ne ta hanyar da kake tambaya a kai. Aikin Waza-Logon, wanda ƙungiyar kare muhalli ta IUCN ta jagoranta tare da gwamnatin Kamaru da kuɗin ƙasar Holan, ya zaunar da masanan ruwa da na tsirrai da na kifi da na zamantakewa wuri guda, tare da sarakuna da mutanen ƙauyuka. A 1994 aka buɗe wata tsohuwar mashigar ruwa da jingar ta toshe, wadda ake kira Ƙaramar Goroma, a 1997 aka ƙara buɗe wata. Ba a rushe madatsa ba, ba a hana noman shinkafa ba. Ruwa ya koma wani sashe na fadamar, ciyawa ta farfaɗo, kifi ya dawo, shanu suka dawo. A ganina babu wani rabon kayan agaji da aka taɓa yi a wannan yanki da ya kai buɗe waccan mashigar rage talauci.

Da labarin ya tsaya nan da na ji daɗi. Aiki ya ƙare, masana suka tafi, kuma ba a bar wata hukuma mai iko a kan fadamar baki ɗaya ba. Masunta suka yi ta haƙa magudanun kamun kifi har suka kai dubbai. Kowace magudana tana ciyar da gida, amma dukansu a haɗe suna tsiyaye fadamar da wuri, kuma suna gitta hanyar shanu. Ruwa yana hannun wata ma'aikata, gandun daji wata, noma wata, tsaro yana hannun suprefe, wato shugaban gunduma da gwamnati ke naɗawa. Abin dariyar da ba dariya ba, kiwo da kamun kifi ma'aikata ɗaya ce a Yaunde, amma makiyayi da masunci ba su da teburin da suke zama kafin ruwa ya janye. Abin da ya faru a Logon-Birni a Agusta da Disamba na 2021 tsakanin Larabawa Shuwa da Musgum, kai da ke Kuseri ba sai na ba ka labari ba: an ƙona ƙauyuka, kasuwar shanun garinku ta tafi, dubun-dubatar mutane suka tsallaka Chadi. Akwai tsohuwar gaba a ciki, akwai rigimar ƙasa da ta sarauta, akwai makamai da suka yawaita. Amma tartsatsin daga bakin ruwa ya tashi, kuma abin da gidaje suka tara shekara da shekaru ya ƙone cikin kwanaki.

Akwai kuma haɗin gwiwar da a takarda babu kamarsa, amma ya watse. Man fetur na Doba a kudancin Chadi, wanda aka ja bututunsa kilomita 1,070 zuwa Kiribi a bakin tekun Kamaru, an tsara shi ne da gwamnatin Chadi da kamfanonin mai da Bankin Duniya. An yi doka a 1999 cewa mafi yawan kuɗin zai tafi lafiya da ilimi da hanyoyi da raya karkara, a ajiye kashi 10 don 'yan baya, aka kafa kwamitin sa ido har da wakilan ƙungiyoyin farar hula. Mai ya fara gudana a 2003. A ƙarshen 2005 aka sauya dokar, aka soke asusun 'yan baya, a 2008 Bankin Duniya ya janye. Tun ranar da kuɗi ya fara shigowa, mai ƙarfin cikinsu ya daina buƙatar sauran. Likitan dabbobi da ma'aikacin lafiya kuwa kowace fita suna buƙatar juna.

Kada kuma ka ɗauka cewa haɗa ɓangarori yana nufin a yi komai a lokaci guda. An gwada haka a shirin Ƙauyukan Ƙarni, wanda Pampaida ta jihar Kaduna na cikinsa: taki, asibiti, makaranta, ruwa, hanya, duk a zuba a ƙauye ɗaya. An kashe kuɗi mai yawa, kuma da masu tantancewa na waje suka auna reshensa na arewacin Gana, ba su ga talauci ya ragu yadda aka yi alkawari ba. Abin da bincike ya fi goyon baya ƙarami ne kuma a jere yake. Salon da ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta fara, wanda aka gwada a ƙasashe shida har da Gana da Habasha aka fitar da sakamakon a 2015, gida ɗaya yake kamawa: a ba shi abin ci na ɗan lokaci don kada ya cinye jari, a ba shi jarin, akuya ko kayan sana'a, a koya masa, a sa shi ajiya, wani ya riƙa leƙo shi a kai a kai. A yawancin ƙasashen, gidajen sun ci gaba da fin takwarorinsu bayan an daina ba su komai. A Nijar ma an gwada makamancinsa da matan da ke karɓar tallafin kuɗi na gwamnati, kuma sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna cewa zaman da ake yi da al'umma, maza da dattawa, kan mace ta yi sana'a, da koya wa matan dabarun zama da mutane, ya biya kuɗinsa sosai. Wato mai nazarin halayyar ɗan Adam ya shiga aikin da da can ake cewa na masu lissafi ne kawai.

To me ke hana a yi haka kullum? Ba mugunta ba ce, yawanci tsarin kuɗi ne. Kowane wakilin ma'aikata a Marwa ko Kuseri sama yake kallo, ga wanda zai karanta rahotonsa a Yaunde. Kowace ƙungiya tana da mai ba ta kuɗi, kuma shi ya riga ya rubuta abin da za a ƙirga: rijiya nawa, mutum nawa aka horar. In ma'aikacin ƙungiyar ruwa ya ɗauki malamar asibiti a motarsa, babu layin da zai rubuta wannan, mai binciken kuɗi ma yana iya tuhumarsa. Ga kuma son suna, kowa yana so allonsa ne a bakin rijiya. Sannan ga harshe. Ana rubuta rahoto da Faransanci, a tattauna da Faransanci, mutanen da abin ya shafa kuwa Fulatanci suke yi, ko Larabcin Shuwa, ko Kotoko, ko Musgum, ko Barbarci, ko Hausa. Wanda ya fi kowa sanin ranar da ruwa ke isa wani kwari, sau da yawa shi ne zaune a bayan ɗaki ba ya jin abin da ake faɗa.

Mu ma 'yan kasuwa da malamai ba mu fita ba. Hausawan Garwa da Marwa da Kuseri sun riƙe cinikin shanu da hatsi da albasa tun kaka da kakanni, kuma zakkar da ake fitarwa a garuruwan nan ba kaɗan ba ce. Amma a tarwatse take fita, ɗari biyar nan, dubu can, a ƙofar gida. Da 'yan kasuwa goma za su haɗa tasu su tsaya wa rumbun unguwa, inda manomi zai ajiye buhunsa da kaka a ba shi rance a kansa, ya fanshe shi in farashi ya tashi, da sun karya wancan zagayen na Nuwamba da Yuli ga gidaje masu yawa. An daɗe ana yin irin wannan ajiya a Nijar. Tana buƙatar ɗan kasuwa da ya san farashi, malamin gona da ya san maganin ƙwari, da malamin addini da zai duba a tsara rancen ba tare da riba ba.

Kai kuma da ƙungiyarku, kada ku nemi a haɗa ma'aikatu goma. Ku zaɓi matsala ɗaya da ofis biyu ko uku suke riƙe da bakinta. Mafi kusa da ku ita ce takardar haihuwa. Yaro ya yi shekara shida a firamare, ya zo ajin ƙarshe, a ce ba zai zauna jarrabawar kammala firamare ta CEP ba saboda ba shi da ita. Haihuwar a gida aka yi ko a asibitin da bai kai sanarwa ba, wa'adin rajista ya wuce, yanzu sai kotu ta yi hukunci kafin ofishin magajin gari ya rubuta. Uba ya ji kuɗin mota da na shaidu da na kotu, sai ya ce yaro ya koma gona, yarinya kuma a fara maganar aure. Shugaban makaranta ya san sunayen yaran nan tun suna aji uku. Bulama ko lawan ya san iyayensu. Likita yana iya ba da shaidar shekaru. Alƙali yana iya fita zaman kotu a ƙauye, kuma ana yin hakan. Abin da ya rage shi ne wanda zai tattara sunayen, ya zaga ofisoshin nan har a tsayar da rana ɗaya, ya kuma matsa wa majalisar gari ta sa kuɗin a kasafinta. Wannan aikin ƙafa ne, kuma matasa sun fi kowa ƙafa.

Na biyu, tun 1978 akwai dokar da ta kafa kwamitin sasanta manoma da makiyaya a kowace gunduma, suprefe ne shugaba, akwai wakilin gona, na kiwo, na filaye, da sarki. Aikinsa ya haɗa da shata wuraren noma da na kiwo da hanyoyin shanu, amma a aikace sai an yi ɓarna ake kiransa, masu rigimar kuma su biya kuɗin fitarsa. Ku rubuta wa suprefe, da sa hannun shugabannin masunta da na makiyaya, ku nemi kwamitin ya zauna a Oktoba, kafin ruwa ya fara janyewa, ya bi hanyoyin shanu da ƙafa, a nuna inda magudana za ta tsaya da inda garke zai ƙetare. In an ce babu kuɗin mai, ku je wajen ɗaya daga cikin masu fararen motocin nan ku ce ga abin da kuke so su biya.